Kafaɗar Mai Ɗaga Ƙarfe

 

Batunmu na yau ya taso ne daga wata wasiƙa da wani saurayi ya aiko mana daga zangon Kumasi, a ƙasar Gana. Shi dai ɗan koyon makanikanci ne, da yamma kuwa in an tashi daga gareji ya kan tafi wani fili inda samarin unguwa su ke taruwa suna ɗaga ƙarfe. Wata uku ke nan kafaɗarsa ta dama tana yi masa ciwo. Da fari sai ya tura ƙarfe bisa kansa ya ke jin ta ɗan soke shi. Yanzu kuwa ko riga zai sa sai ya cije, ba ya iya kwanciya ta wannan gefe, in kuma ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaga hannu zai kwance noti, sai sifana ta nemi suɓuce masa. Abokansa sun ce ya daure, wai ciwon alama ce ƙarfi yana shiga. Shi ne ya ke tambaya ko maganarsu gaskiya ce.

To, samari, amsa a taƙaice ita ce a'a. Amma da ya ke hannun nan da shi ka ke cin abinci, kuma masu irin damuwarka suna da yawa, daga Akara har Yawunde, daga Jidda har London, ya kamata mu bi maganar daki-daki, domin kowa ya san dalili.

Yadda aka gina kafaɗa

Ƙasusuwa uku ne su ka haɗu su ka yi kafaɗa: ƙashin damtse, da allon kafaɗa wanda ke kwance bisa haƙarƙari ta baya, da ƙashin wuya wanda ya taso daga ƙirji ya zo ya tokare allon ta gaba. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune a wani ɗan gurbi da ke gefen allon kafaɗa.

A nan ne abin mamaki ya ke. In ka dubi mahaɗar cinya da ƙugu, za ka ga kan ƙashin ya shige cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya cikin turmi. Gurbin kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, kuma abin da ya ke tallafewa na kan ƙashin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sai dai a kwatanta shi da tulu bisa gammo. Har ma akwai wani zobe na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin yana ɗan ƙara masa zurfi, aikinsa ɗaya da na gammon. Sabo da haka ne babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da ta kai kafaɗa sakewa: kana iya kai hannu sama, ka kai shi baya, ka wulwula shi kamar mai jifa da majajjawa. Sabo da haka ne kuma, cikin manyan gaɓoɓin jiki, ita ce ta fi saurin gocewa.

Shi kansa allon kafaɗa ba a kafe ya ke ba, tsokoki ne su ke riƙe da shi, yana zamewa bisa haƙarƙari. A shekarar 1944 wani likita mai suna Verne Inman da abokan aikinsa a San Francisco, ta ƙasar Amurka, su ka auna yadda wannan motsi ya ke. Su ka ga in mutum ya ɗaga hannu daga gefen cinya har ya miƙe bisa kai, watau digiri 180, to, wajen digiri 120 ne ke fitowa daga ita mahaɗar, sauran 60 kuwa daga juyawar allon ne. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa. Wanda allon kafaɗarsa ba ya juyawa yadda ya kamata, ya bar wa mahaɗar aikin biyu ke nan.

Ɗamarar kafaɗa

To, in gurbi ba shi da zurfi, me ke hana tulun faɗuwa? Waɗansu ƙananan tsokoki ne guda huɗu, waɗanda su ka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu su ka haɗu su ka lulluɓe kan ƙashin damtse. Ɗaya ta biyo ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Likitocin Ingila da Amurka suna kwatanta su da bakin hannun riga, don yadda su ka kewaye kan ƙashin. Mu a nan za mu kira su ɗamarar kafaɗa. Ta sama tana taimakawa wajen ɗaga hannu, biyun baya su ke juya damtse waje, ta gaba kuwa ita ke juya shi ciki. Amma babban aikinsu duka shi ne su danne kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa sa'ad da manyan tsokoki su ke fizgar hannu.

Manyan tsokokin nan su ne waɗanda mai ɗaga ƙarfe ya ke gani a madubi: tsokar ƙirji, da ƙwanjin damtse, da dunƙulen da ya rufe kafaɗa ta waje. Su kamar ingarman doki su ke, ɗamara kuwa ita ce linzami. In aka yi ta ciyar da doki yana ƙara ƙarfi, aka bar shi da tsohon linzami, kowa ya san inda za a kwana.

Kada kuma ku raina nauyin da ke sauka kan waɗannan tsokoki. Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka daga kafaɗa zuwa tafin hannu santimita 60 ne, tsokar da ke ɗaga hannun kuwa tana ja ne daga wurin da bai fi santimita 3 daga tsakiyar mahaɗar ba. In ka miƙe hannu sosai a gefe kana riƙe da ƙarfe mai kilo 5, tilas tsokoki su ja da ƙarfin da ya kai ninki 20 na wannan, watau kilo 100, ban da nauyin shi hannun kansa. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ya san wannan a jikinsa, ko bai san lissafinsa ba.

Akwai wani abu kuma. Jijiyar nan ta sama tana bi ne ta wani ɗan rariya, ƙarƙashinta kan ƙashin damtse, bisanta kuwa wani ɓangare na allon kafaɗa da ya miƙo kamar rumfa. Tsakaninsu bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, watau kamar kaurin ɗan yatsa. A cikin wannan ƙunci har da wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa da ke sa jijiyar ta zame sumul. In jijiyar ta kumbura, ko jakar, sai wurin ya matse.

Abin da likitoci su ka gano

Wanda ya fara jawo hankalin likitoci sosai ga wannan jijiya shi ne Ernest Codman, wani likitan fiɗa na birnin Boston, wanda ya buga babban littafi a kan kafaɗa a shekarar 1934. Ya nuna cewa tsagewarta tana nakasa ma'aikata masu aikin ƙarfi da yawa, kuma sau da yawa ba a gane ciwon sai lokaci ya ƙure.

A shekarar 1972 wani likita na New York, Charles Neer, ya kawo bayanin da aka daɗe ana bi. Ya ce jijiyar tana gogar rumfar ƙashin nan ne duk sa'ad da aka ɗaga hannu, har ta sassaɓe, kamar yadda igiyar guga ta ke cinyewa a bakin rijiya. Bisa wannan bayani aka yi shekaru ana yi wa mutane fiɗa, ana kankare ƙashin domin a buɗa wa jijiya hanya.

Amma shi ilmin kimiyya ba ya jin kunyar gyara maganarsa. A shekarar 2018 aka buga sakamakon wani gwaji da masanan Jami'ar Oksfod su ka jagoranta a asibitocin Birtaniya, da marasa lafiya 313. Aka kasa su uku: waɗansu aka kankare musu ƙashin, waɗansu aka zura musu madubin leƙa gaɓa kawai ba a kankare kome ba, waɗansu kuwa ba a taɓa su ba. Da aka auna daga baya, sai aka ga waɗanda aka kankare wa ƙashi ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba. A wannan shekara kuma likitocin ƙasar Finlan su ka buga nasu gwajin, su ka sami kusan abu ɗaya. Sabo da haka yawancin masana yanzu suna ganin laifin bakin rijiya kaɗan ne. Babban dalili shi ne an ɗora wa igiya nauyin da ya fi ƙarfinta, ko an yi ta ja da ita ba hutu, ko kuwa ta tsufa.

Ga abin da ya sa wannan ya shafi mai ɗaga ƙarfe ƙwarai. Tsoka tana da jini mai yawa, tana saurin ƙaruwa, cikin 'yan makonni mutum ya kan ga ƙarfinsa ya daɗu. Jijiya kuwa jininta kaɗan ne, sai ta yi watanni kafin ta yi ƙwarin da zai dace da sabon ƙarfin. A tsakanin nan ne saurayi ya ke jin zai iya ƙara faifan ƙarfe kowane mako, alhali jijiyarsa tana can baya ba ta iso ba tukuna. Wani nazari da Morey Kolber da abokansa su ka buga a Amurka a shekarar 2010 ya nuna cewa, cikin raunukan da aka rubuta na masu ɗaga ƙarfe, abin da ya faɗa kan kafaɗa ya kan kai har kashi 36 cikin 100.

Shekaru kuma suna da nasu rabo. A shekarar 1995 waɗansu likitoci a Amurka su ka ɗauki hoton cikin kafaɗar mutum 96 waɗanda ba su jin ciwon kome, da na'urar maganaɗisu mai nuna tsoka da jijiya. Cikin waɗanda su ka haura shekara 60, fiye da rabi an tarar ɗamararsu ta tsage, ko kaɗan ko gaba ɗaya, su kuwa ba su sani ba. Cikin 'yan ƙasa da shekara 40 da ƙyar aka sami wani abu. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, magidancin da ya komo ga ƙarfe bayan ya yi shekaru bai taɓa ba, kada ya fara daga inda ya tsaya yana saurayi. Na biyu, ba kowace tsagewa da hoto ya nuna ce ke bukatar wuƙar likita ba.

Motsin da ya kamata a yi hattara da shi

Akwai wani tsayi na hannu da ya fi kowane sa kafaɗa cikin hatsari, shi ne a buɗe damtse gefe daidai da kafaɗa, a tanƙwara gwiwar hannu, a tura ta baya, kamar wanda aka ce ya ɗaga hannu ya miƙa wuya. A haka kan ƙashin ya ke turo gaba, inda jakar mahaɗar ta fi rauni. Duk wanda ya ke tura ƙarfe sama daga bayan ƙeya, ko ya ke jawo sanda daga sama zuwa bayan ƙeya, a wannan hali ya ke sa kafaɗarsa, da nauyi kuma a kanta. Maganin abin mai sauƙi ne: a yi su ta gaban fuska. Amfanin da tsoka za ta samu kusan ɗaya ne.

Sai turin benci, wanda samari su ka fi so, watau mutum ya kwanta rigingine ya tura ƙarfe daga ƙirji. Kuskure uku a ke yi a nan. Na farko, a ware hannuwa da nisa a kan sandar. Masana suna ba da shawara kada tazarar hannuwa ta wuce faɗin kafaɗun mutum sau ɗaya da rabi. Na biyu, a baje gwiwoyin hannu waje har su yi daidai da kafaɗa. Kamata ya yi su ɗan kusanto haƙarƙari, kamar rabin hanya tsakanin jiki da kafaɗa. Na uku, a saki ƙarfe ya faɗo ƙirji ya yi tsalle. Kafin ka ɗauki sandar, matse allunan kafaɗarka baya ka kafa su a kan benci, ka sauko da ƙarfen a hankali, kuma kada ka taɓa gwada nauyi mai yawa sai da wani tsaye a kanka. A irin wannan turi ne jijiyar tsokar ƙirji ta kan tsinke ɗungum, mutum ya ji ɓas, gaban hammata ya kumbura ya yi baƙi.

Yawan turin benci yana kuma cin ƙarshen ƙashin wuya, can inda ya haɗu da allon kafaɗa. A shekarar 1982 wani likita a Amurka, Bernard Cahill, ya ba da labarin maza 46 da bakin wannan ƙashi nasu ya zaizaye, 45 daga cikinsu masu ɗaga ƙarfe ne. Alamarsa ita ce ciwo a ƙololuwar kafaɗa, wurin da mutum zai iya nunawa da ɗan yatsa ɗaya, ya kan tsananta in aka kai hannu kan ɗaya kafaɗar.

Saura biyu. Wanda ya ke tsayawa ya jawo sanda sama zuwa haɓa, kada ya bar gwiwoyin hannunsa su haura kafaɗa. Wanda kuma ya ke dafa sanduna biyu yana saukar da jikinsa tsakaninsu, ya tsaya da zarar damtsensa ya kwanta daidai da ƙasa, kada ya zarce.

Kayan aikin ma abin dubawa ne. A wurare da yawa samari da kansu su ke haɗa ƙarafansu, su zuba siminti a gwangwani biyu su soka bututu a tsakiya, ko su yi amfani da tsofaffin ƙarafan mota. Wannan dabara abin yabo ce. Sai dai sau da yawa gefe ɗaya ya kan fi ɗaya nauyi, kafaɗa guda ta yi ta ɗaukar fiye da rabonta ba a sani ba. Ku kai su wurin mai sikeli a auna kowane gefe, ku rubuta nauyin a jiki, ku kuma yi alama a tsakiyar sandar. Ku tanadi ƙanana da matsakaita, domin kada sabon shiga ya fara da abin da gwanaye su ke ɗauka.

Rigakafi

Girkawan dā suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo, mutumin Kroton a kudancin Italiya, wanda ya rayu ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce ya ɗauki ɗan maraƙi a kafaɗa ran da aka haife shi, ya riƙa ɗaukarsa kullum, maraƙi yana girma ƙarfin Milo yana daɗuwa, har ya wayi gari yana ɗauke da bijimi. Ko da ya ke labarin ya yi kama da tatsuniya, hikimar da ke cikinsa likitoci sun tabbatar da ita. A shekarar 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna cewa sojojin da su ka ji rauni a yaƙi suna saurin komawa ƙarfinsu in aka sa su ɗaga nauyi, ana ƙara shi kaɗan kaɗan bisa tsari. To, ƙa'ida ta farko ke nan: a fara da maraƙi. Ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 10 ba tare da ka karkace ko ka yi fizga ba. Sai ya zama kana yin sau 12 cikin sauƙi a zama biyu a jere, sa'an nan ka ƙara kilo 1 ko 2. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta biyu, a ɗumama jiki. Minti 5 zuwa 10 na sassarfa ko tsallen igiya, sa'an nan a wulwula hannuwa, sa'an nan a yi motsin da za a yi da sanda marar nauyi, a bi da rabin nauyi, kafin a kai ga cikakke.

Ta uku, a daidaita turi da ja. Tsokokin baya ba a ganinsu a madubi, don haka a kan manta da su, alhali kuwa su ne ke juya allon kafaɗa su ba da digiri 60 ɗin nan da mu ka ambata. Duk yawan turin da ka yi a mako, ka yi ja kamarsa ko fiye: ka sunkuya da miƙaƙƙen baya ka jawo ƙarfe zuwa cibiya, kana matse allunan kafaɗa.

Ta huɗu, a ba ita ɗamarar nata horo. Wannan ba ya bukatar kuɗi. Kwanta ta gefen hagu, ka naɗe ɗan tawul ka sa tsakanin gwiwar hannunka ta dama da haƙarƙari, ka tanƙwara gwiwar, hannu yana kwance bisa ciki. Riƙe kwalbar ruwa ta lita ɗaya, nauyinta wajen kilo 1 ke nan. Juya hannun sama a hankali, gwiwa tana manne da tawul, sa'an nan ka sauko da shi a hankali fiye da yadda ka ɗaga. Yi sau 15, ka huta, ka sake har zubi uku, ka juya ɗaya gefen. Ana iya yin irinsa a tsaye da robar cikin tayar keke, a ɗaura ta a ƙofa daidai tsayin gwiwar hannu. Da robar nan kuma sai ka kama bakinta biyu, hannuwa a miƙe gabanka, ka ja ta har ta taɓa ƙirji. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Abokai za su yi dariya su ga ƙato yana wasa da kwalba, ƙyale su. A ƙasar Norwe an gwada irin wannan tsari a kan gwanayen 'yan ƙwallon hannu 660, aka sa rabinsu suna yin motsin ƙarfafa kafaɗa sau uku a mako lokacin ɗumama jiki. Sakamakon da aka buga a shekarar 2017 ya nuna hatsarin samun matsalar kafaɗa ya ragu da kashi 28 cikin 100 a wurinsu. Su 'yan jifa ne, ba masu ɗaga ƙarfe ba, amma ɗamarar ɗaya ce.

Ta biyar, hutu. A bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin horo mai tsanani na kafaɗa da na gaba, gama a lokacin hutu da barci ne jiki ya ke gyara abin da aka wahalar. Makaniki, da ɗan dako, da birkila, da mai fenti, su tuna kafaɗarsu ta riga ta yi aikin yini kafin su iso wurin ƙarfe, ita kuwa jijiya ba ta rarrabe nauyin sana'a da na wasa.

Ta shida, a kula da abin da a ke sa wa jiki. An ga tsagewar ɗamara ta fi yawa ga masu shan taba, kuma ɗinkinta ya fi wuyar kamawa a jikinsu. Allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da a ke sayarwa a ɓoye suna sa doki ya ƙara fin ƙarfin linzami, ga kuma ɓarnar da su ke yi wa zuciya da hanta. Akwai kuma wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna siprofuloksasin, shi da danginsa, wanda tun shekarar 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kansa cewa yana iya sa jijiya ta tsinke. Wanda likita ya rubuta masa shi, ya sanar da likitan cewa yana ɗaga ƙarfe. Haka kuma, shan maganin kashe zafi domin a samu a ci gaba da horo kamar toshe kunne ne sa'ad da mai gadi ke kururuwa.

Ciwon da a ke daurewa da wanda ba a daurewa

Yanzu sai mu komo ga maganar abokan saurayin nan. Akwai tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan horo, a cikin naman tsoka ya ke, gefe biyu ya kan kama, ya wuce cikin 'yan kwanaki. Wannan ba kome. Ciwon ɗamara dabam ya ke. A gefen kafaɗa ta waje a ke jinsa, yana gangarowa damtse. Ya kan soki mutum in hannu ya kai tsakiyar hanya wajen ɗagawa, tsakanin digiri 60 da 120, ya lafa in an wuce. Yana hana kwanciya ta gefen, yana ta da mutum cikin dare.

In abin bai yi nisa ba, ba a cewa a rataye hannu a daina motsi, gama kafaɗar da aka ƙi motsawa ta kan sandare. A dakatar da motsin da ke ta da ciwon, a rage nauyi, a ci gaba da ja da horon ɗamara gwargwadon abin da jiki ya ɗauka. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ta haka ba tare da fiɗa ba, sai dai abin ya kan ɗauki wajen wata uku, wani lokaci fiye. Allurar kashe kumburi da likita ya kan yi a kafaɗa tana ba da sauƙi na 'yan makonni, ba ta maye gurbin horon.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. In ka ji wani abu ya tsinke, nan take kuma hannu ya ƙi ɗaguwa, ka ga likita cikin 'yan kwanakin nan, domin jijiyar da ta rabu da ƙashi tana janyewa, in aka daɗe ɗinkinta ya kan yi wuya. In kafaɗa ta goce, siffarta ta sāke, a tafi asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja hannun, gama a kan sami karaya tare da gocewar, ga kuma jijiyoyin ji da na jini da ke bi ta hammata. In hannu ya mutu ko yana yin tsiyayin ƙaiƙayi har yatsu, ko kafaɗa ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi, a je a duba. Mai ciwon sikila kada ya ɗauki ciwon kafaɗa mai daɗewa a bakin gajiya, domin cutar ta kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse. Wanda kuwa ya ji ciwo a kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji, da gumi, da ƙarancin numfashi, wannan mai yiwuwa zuciya ce, a garzaya da shi asibiti nan da nan.

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce ashe ɗaga ƙarfe mugun abu ne. Ko kusa. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ta ce ya kamata kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsokoki aƙalla kwana biyu a mako, har da tsofaffi. Kafaɗar da aka hora bisa ƙa'ida ta fi wadda aka bari zaune jure wahala.

Kai kuwa saurayinmu na Kumasi, da ya ke ciwonka ya kai wata uku, yana hana ka barci, har hannu ya fara rauni a wurin aiki, lokacin gwaji a gida ya wuce. Ajiye turin sama da na benci tukuna, ka je asibiti a duba ka, ka nemi a haɗa ka da ma'aikacin gashi da motsa gaɓoɓi ya tsara maka horo. Ka kuma gaya wa maigidanka na gareji, ko ya sauƙaƙa maka aikin ƙarƙashin mota na 'yan makonni. Ƙarfe yana nan inda ka bar shi, ba ya tsufa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ka lafiya.